Daga Suwidin zuwa masassaƙan Zariya: batun gatarin cokali

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta wadatar. Tambayar da kuke ta maimaitawa ita ce wane gatari ake sassaƙa cokalin icce da shi a nan, sai kuma maganar wuƙa da man shafawa.

Sanyin ƙasar nan har icce ba ya bari. Ɗanyen reshe kan kwana waje ya daskare kamar dutse, a sara shi a haka bakin gatari ya ɓalle, dole a shigo da shi ɗaki ya sake tukuna. A Zariya hunturu ne abokin gaba: cokalin da aka fara da safe kan tsage kafin la'asar in ba a ɗaure shi a leda tare da ɓawonsa ba.

Gatarin sassaƙa na Gränsfors, kamfanin ƙera gatura na nan Suwidin, da ake ta yabo yana da kyau, amma nauyinsa ya kai wajen kilo 1, ga tsada. Na giram 500 zuwa 700 ya ishi cokali, da ƙota santimita 30 zuwa 35. Ku nemi wanda ƙasan bakinsa ya zubo kamar gemu, don hannu ya matso dab da ƙarfen.

Gatarin faskare na kasuwar Sabon Gari bakinsa kumburarre ne, shi ya sa yake zamewa a jikin icce. A goge kumburin da magagari har gefen ya kwanta sumul, kusurwar baki ta dawo digiri 25 zuwa 30. In ta yi ƙasa da haka, bakin zai lanƙwashe a aduwa ko kanya. Mai amfani da injin wasawa ya riƙa tsoma ƙarfen a ruwa. Da zarar ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi, sai an cinye wurin gaba ɗaya. A ƙarasa da dutsen wasawa, sannan a goga bakin a fata. In bai yanka takarda ba, da saura.

Kada ku raina na maƙeranmu da ake ƙerawa da sifirin mota. Aibinsa ɗaya, kan ƙotar mai kauri yana tokare icce kafin baki ya kai. A fere ɓangaren da ke fuskantar aikin, amma kar a taɓa kusa da ramin da ƙarfen ya shiga.

Wuƙa sai wata wasiƙar. Mai kuwa, ku guji man gyaɗa, yana yin ɗoyi.