Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Littafi Ɗaya, Mu Biyar

Makon jiya na tsaya a inda na samu gurbin karatun Turanci a jami'a, ƙarshen shekarar 1987. Satinmu na farko kowane malami ya shigo da jerin littattafan da yake so mu mallaka. Da na haɗa na ƙirga, sun haura ashirin. Ni kuwa kuɗin buhun gero biyu ne a aljihuna, wanda Baba ya sayar ranar kasuwa. A ciki zan yi rajista, a ciki zan ci.

Shekara guda ke nan da gwamnatin Babangida ta kawo SAP, tsarin nan na tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi warwas, kuma manyan littattafan daga Ingila ake shigo da su. A kantin littattafai sai in ɗauki ɗaya, in duba farashi, in mayar da shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

Mu biyar ne a ɗaki, huɗu fanninmu ɗaya, na biyar ɗan lissafi ne amma ya fi mu son labari. Sai muka yi wani irin adashi: kowa ya sayi littafi biyu, a riƙa zagayawa, kwana bibbiyu. Wanda ya ƙetare wa'adi shi zai sayo wa ɗaki ƙosai. Ni na samo Things Fall Apart na Chinua Achebe wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Sabon Garin Kano, bugun Heinemann mai bango ruwan lemo, wani ya riga ya ja layi a rabinsa da jan biro. Na biyun sabo na saya, The Stillborn na Zaynab Alkali, wanda ya fito a 1984. Shi ne karon farko da na ga ƙauye irin namu da mata irin yayyena a cikin Turanci, kuma sau uku ina biyan tarar ƙosai a kansa.

Inda muka ji jiki shi ne darasin furuci. Littafin Gimson aka ce mu nema, babu wanda ya iya sayensa a cikinmu. Kwafi ɗaya ne a laburare, ba a fita da shi, awa biyu ake ba ka a karɓe. Ranar da layi ya zo kaina na buɗe babin wasula, sai na tarar wani marar tsoron Allah ya sa reza ya yanke ganye huɗu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Dole na bi wata 'yar aji uku da ta kwafe shi tun kafin a yi ɓarnar, na zauna dare uku da fitilar ƙwai ina juyewa cikin littafin rubutu.

A nan na san Turancin Ingila yana da sautuka 44, ashirin daga ciki wasula, mu da muka tashi da biyar, gajere da dogo. Sai kuma tsohuwar matsalar Bahaushe, p da f. Malaminmu yakan sa mu riƙe ƙyallen takarda a gaban baki mu ce pan, mu ce fan. In ka faɗi ta farkon daidai takardar za ta yi tsalle. Tawa ko gezau.

"Malam, wallahi na faɗa."

"Ni ban ji ba, takardar ma ba ta ji ba. Sake."

Aji ya kwashe da dariya. Wata guda na yi ina hura takarda a bayan ɗakin kwana kamar mai tofi.

Da aka yi hutu na tafi gida da littafin rubutun nan. Wata rana bayan la'asar Baba ya same ni a zaure, ya karɓa ya buɗe. Ya daɗe yana kallon alamomin furucin, wata kamar e a kife, wata kamar ƙugiya.

"Kai, ba Turanci na tura ka koyo ba?"

"Shi ne, Baba."

"To wannan kuma wane irin ajami ne?"

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda akuyar Inna ta cinye mini babi biyu na Achebe, littafin da mutum huɗu ke jira.