Na hau tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, kashin shanu na tarar a sama

Wallahi da wani ya ce min wai wata rana zan ɗau kuɗin gumina in biya mota tun daga Kano har Taraba don kawai in hau dutse in sauko, da cewa zan yi a kai shi a duba kansa. Ni ɗan cikin gari ne, a gindin Dala aka yanke min cibiya, sana'ata saida waya da caja a Farm Centre, tafiyata mafi nisa a rana ita ce daga shago zuwa masallaci. Da na faɗa wa Hajiyarmu sai da ta kalle ni sama da ƙasa ta ce "ajiya ka yi a kan dutsen?" 'Yan majalisarmu kuwa sati guda suka yi suna min dariya, wai na koma Bature.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne tun rasuwar Baba a azumin 2022 ban zauna ba. Ana sadakar uku na koma kasuwa, waya biyu a hannu, wannan na ringin waccan na ringin, kowa na yaba min wai na yi dauriya, alhali ni na san guduwa nake. To a Disamba sai wani abokina da ya yi bautar ƙasa a Gembu ya ce zai koma shi da mutum biyu su hau Chappal Waddi, ko zan je. Ban ma san mene ne ba na ce eh.

Daga baya ne na gane abin da na ɗauko wa kaina. Mita 2,419, babu tsaunin da ya kai shi a ƙasar nan, yana can kan iyakarmu da Kamaru a gefen gandun dajin Gashaka-Gumti wanda shi ma ya fi duk gandun dajin gwamnatin tarayya girma, an kafa shi a 1991. Wani sunansa Gangirwal, kuma ana masa laƙabi da tsaunin mutuwa, wannan kam ban kai wa Hajiya labarinsa ba. Dalar da nake taƙama da ita mita 534 ce, shi ma daga matakin teku aka auna, ka ga ashe tudu nake hawa.

Hanya kaɗai ta isa labari. Jalingo, Bali, Serti, sannan daga Mayo Selbe mota ta fara hawan Mambila, kwana kan kwana, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami wanda ba ka son leƙawa, kunnena ya toshe kamar na shiga ruwa, wata tsohuwa a bayana ba ta daina salati ba har muka kai Maisamari. Kana ƙarasawa sama kuma sai ka rantse ba Najeriya kake ba, tuddai ne a jere sun yi luf, itatuwan turare, shanu masu jar fata da manyan ƙahoni, ga sanyi da rana tsaka. Can ne ake noman ganyen shayi a Kakara. Ƙaramar hukumar sunanta Sardauna, kuma ba banza ba, yankin yana cikin Kamaru ta Arewa ne har sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 suka zaɓi Najeriya, lardin ya ci sunan Sardaunan Sakkwato. Ni duk ban san wannan ba sai a teburin mai shayi a Nguroje.

Daga Nguroje mashin muka hau zuwa Njawai, hanyar da sau uku ina sauka ina turawa. A nan ƙafa ta karɓi aiki. Mai mana jagora wani dattijon Bafulatani ne siriri, zai yi sittin da wani abu, takalmin roba a ƙafarsa irin na makiyaya, sanda a kafaɗa, buta a rataye. Ni kuwa na sha sabon kambas, jakar goyo cike da indomi da fawa bank har biyu, kamar mai shirin yaƙi. Muna fara tafiya na wuce gaba fuu, ina jin kaina, har ina juyowa ina musu selfi. Ya ce min "ɗan Kano, sese sese," wato a hankali da Fulatancinsu. Na ce Baba ai mu mun saba sauri. Murmushi kawai ya yi.

Ko awa biyu ba a yi ba na gane kurena. Haki nake kamar an biyo ni, ƙwanjina ya ɗaure, sabon takalmin nan ya yi min bororo a dunduniya biyu, ga hawan ba ya ƙarewa, ka ga ƙololuwa ka ce alhamdulillahi an zo, kana isa sai ka ga wata a bayanta tana jiranka. Muna cikin haka wasu mata uku suka zo suka wuce mu da ƙwaryar nono a ka, ɗaya har da goyo, suna hira suna dariya, suka ce sannunku da aiki. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Abin da muka yi wata muna shiri muna kira kasada, su hanyar kasuwa ce.

To a nan ne abin da ya sa nake wannan rubutun ya faru, kuma ba wani babban abu ba ne. Dattijon nan ya dawo kusa da ni, bai ce min ka gaji ba, bai ce mu huta ba. Sai dai duk bayan ɗan lokaci ya tsaya ya nuna wani abu da sandarsa, ka ga rugar can ta ƙanina ce, ka ga rafin nan ko da rani ba ya ƙafewa, ka ga baƙin can makiyaya ne suka sa wa ciyawa wuta don sabuwa ta tsiro wa shanu. Ni kuma in tsaya ina kallo numfashina na dawowa. A tsayuwa ta huɗu ko ta biyar ne na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Haka Baba yake min a Dala. Ranar Juma'a bayan la'asar ya kama hannuna mu hau matattakalar nan, sai ya tsaya a tsakiya ya ce ka ga hasumiyar masallacin Juma'a, mu ƙara hawa ya ce ka ga Kurmi, ka ga Goron Dutse can, ya ba ni labarin Barbushe da Tsumburbura wanda na ji ya fi sau ɗari. Duk tsawon shekarun nan na ɗauka son labari ne kawai irin na tsofaffi. Ashe hutar da ni yake ba tare da ya bari na san na gaza ba.

Na zauna kan wani dutse na yi kukan da ban yi ba a makabarta. Abokaina suka yi gaba kamar ba su gani ba, Allah ya saka musu. Dattijon ya tsuguna can gefe yana jan carbi, da na gama ya miƙo min butarsa na wanke fuska, bai tambaye ni komai ba har muka rabu.

Daren a kusa da wata ruga muka kafa tanti. Aka kawo mana kindirmo mai kauri wanda cokali zai tsaya a ciki, muka haɗa magariba da isha'i muka yi kasaru, ruwan alwala kamar daga firiza. Ba netwok ko ɗigo. Na ciro waya ya fi sau goma don sabo, in kalla in mayar, daga ƙarshe na cusa ta ƙasan jaka. Taurari kuwa ban taɓa sanin suna da yawa haka ba, a Kano hayaƙin janareto da fitilu sun cinye mana su. Sanyi ya hana ni barci, suwaita biyu da bargo amma haƙorana na haɗuwa, sai dai ba irin rashin barcin da nake yi a gida ba ne, wannan kaina shiru yake.

Da asuba muka ƙarasa. Kuma gaskiya ɗaya ce, saman bai burge ni yadda na zata ba. Hazon hunturu ya rufe ko'ina, aka nuna mana wai can Kamaru ne, ni dai fari fat na gani. Fili ne na ciyawa da iska mai kaɗa mutum, ga kashin shanu a busashe nan da can, wato shanun ma sun riga mu zuwa ba tare da sun ɗau hoto ba. Muka yi dariya, muka ci biskit da dabino, minti talatin muka juyo. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, wannan ba wanda ya gargaɗe ni, sati guda ina sallah a zaune.

Tun daga nan na ɗan kamu. Na hau Kufena a Zariya, na je duwatsun Shere a Jos, ina kuma da burin Bagzan a Agadez in Allah ya kawo zaman lafiya a hanya, don yanzu kam daji ba wurin da za ka faɗa kai tsaye ba ne, sai ka tambayi mutanen wurin kuma ka ɗau ɗan gari. Amma wanda na fi yi shi ne na ƙofar gida. Juma'ar da ta wuce na hau Dala da 'yata mai shekara shida, tun daga ƙasa ta fizge hannunta ta ruga, kafin rabi ta fara haki tana ɓoyewa. Na tsaya na ce Ummi zo ki ga hasumiyar masallacin Juma'a. Ta zo ta jingina da ƙafata tana kallo, can ta ɗago ta ce "Abba ka gaji ne?" Na ce eh na gaji, bari mu ɗan tsaya.