Zanen Sallah mai kama da Katsina

Da Sha'aban ya kama muke daina karɓar rubutun allon shaguna. Daga nan sai zanen barkwanci na Sallah: kati, fosta, sitika, da hoton da ake tura wa 'yan uwa ta WhatsApp. Ni da yarana biyu ne, kuma duk abin da ya fita daga hannunmu da fensir ya fara kafin ya ga kwamfuta.

Doki ne jarrabawar mai zane. Maigidan da ya koya mini, Allah ya jiƙansa, zanen jikin manyan motoci yake yi. Bai bar ni na taɓa fenti ba sai da na iya ƙafar doki. Ranar hawa yakan tura ni Ƙofar Soro, gaban fadar Sarkin Katsina, da takarda, ya ce kada in kalli mahayi, in kalli inda kofato yake sauka in an zo jafi. In na dawo ya duba, ya ce: "Yaro, wannan jaki ne ya sa sirdi." Washegari in sake. Yau idan na zana doki ya ja birki gaban Sarki, mahayi ya ɗaga hannu yana jinjina, masu doki da kansu suke tsayawa su duba linzami da likkafa, su ga komai na wurinsa.

Barkwanci ba ya ba ka damar ɓata al'ada. Ina iya ƙara wa mai kakaki kumatu, in ja wa ragon layya fuskar mai neman afuwa, in zana yaro cikin sabuwar riga da ta fi ƙarfinsa yana ƙirga goron Sallah, ko ɗan tashe da gemun auduga ya karkace. Amma dogari ja da kore zai sa. Rawani mai kunne biyu kuwa ba na ɗora shi a kan wanda ba nasa ba, ko nawa zai biya. Wani Alhaji ya yi fushi da ni kan haka, na ce, ranka ya daɗe, babbar riga da hula sun fi yi maka kyau. Masu cewa ba sa son fuska kuma, ina yi musu Hasumiyar Gobarau da jinjirin wata, a kewaye da zayyana irin ta allo.

Abin da ke ci mini rai shi ne 'yan kwafe. Wasu su sauko da hoton fitilun Misra daga intanet, su manna "Barka da Sallah". Wasu su sa manhaja ta ƙirƙiro musu mahayi da rawanin Indiya. Mafi muni, mai ɗaukar zanena ya yanke sa hannuna, ya buga a takardar da launinta ke koɗewa kafin yawon Sallah ya ƙare. Sai mai saye ya zo yana cewa, "Malam, ai zane ne kawai, can rabin kuɗinka ne."

Zane ne kawai? Dattijon Kirsimeti mai ƙiba da gemu da duniya ta sani, wani mai zanen barkwanci a Amurka, Thomas Nast, yana cikin waɗanda suka fitar masa da kamanni, a mujallar Harper's Weekly tun 1863. Mu da muke da 'yan lifidi da 'yan sulke, me ya kai mu aron hoton bikin wasu?

Bana mun ƙara jerin Daura: Rijiyar Kusugu da Hawan Magajiya. Mai son a zana iyalinsa cikin kayan Sallah ya kawo hotuna kafin azumi ya kai goma sha biyar, don ba na zana fuska cikin gaggawa. Na Sallar Gani kuma, wadda ake yi a Daura a watan Mauludi, tun watan Safar muke karɓa.