Canza lagireton tsohuwar jif da kanka: inda ni na sha kashi

Ƙannena masu tsofaffin jif, ku da kuke cewa ai canza lagireto noti huɗu ne da tiyo biyu, eh kusan haka ɗin ne, amma ni noti huɗun nan sai da suka ci mun sati biyu da fatar hannu, to bari in gaya muku inda na kwafsa.

Motata ta haura shekara 20, atomatik ce. Farko ɗigo nake tararwa a ƙasanta da safe, kore-kore, bai fi tafin hannu ba. Lagireton irin wanda tsakiyarsa alminiyom ne, tankin sama da na ƙasa kuma roba, an matse su da ƙananan haƙoran ƙarfe. Shekara da shekaru yau zafi gobe sanyi, robar sai ta bushe ta koma ruwan ƙasa ta fara tsagewa. Nawa a wuyan da babban tiyon sama yake shiga ya tsage, siriri kamar gashi, baka ma ganinsa sai inji ya ɗau zafi ya fara tsartuwa. Na shafa gam ɗin nan mai haɗi biyu, kwana uku ya ɓare. Na zuba garin toshe yoyo, bai toshe yoyon ba sai ya je ya toshe wasu ƙananan hanyoyin ruwa na cikin lagireton, mota ta ƙara zafi. Roba in ta fara tsagewa ta gama yawo, kar ku ɓata lokaci wajen lallaɓa ta.

A wannan tsakanin ne na buɗe marfin lagireto inji na da zafi, wai zan ƙara ruwa. Ku duba saman marfin, za ku ga an rubuta 0.9 ko 1.1, matsin da yake riƙewa kenan, kuma matsin ne yake sa ruwan ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Kana murɗewa matsin ya tafi, ruwan gaba ɗaya ya tafasa a take ya yo sama. Tsumma na ɗora a kai ina ganin na yi wayo. Tabon yana nan daga wuyan hannuna zuwa kusa da gwiwar hannu.

Sai sayen sabo. Na faɗi sunan mota da shekararta kawai aka miƙo mun, na kwance tsohon tsaf, na jera su gefe da gefe, sai ga tsohon yana da ƙananan bakin bututu guda biyu a tankin ƙasa, sabon babu. Ashe na mai giyar hannu aka bani. A yawancin atomatik man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce, bututun nan biyu nasa ne. Ku tafi da lambar shasi, ko ma ku ɗauki tsohon ku je da shi a gwada tsawo da kauri da inda bakin tiyo yake.

Kwancewar kanta ba wani abu bace. Ka bari inji ya huce sarai, ka cire kan batir na baƙar waya don fanka ta lantarki tana iya tashi ko mota a kashe, ka ɗauki hoton komai da wayarka kafin ka taɓa. Ka tari tsohon ruwan a mazubi ka rufe, ruwan kulan, wato koren ruwan nan na lagireto, zaƙi gare shi kuma guba ne, kyanwa ko kare ko ƙaramin yaro ya sha to an shiga uku. Wani abu mai kama da siririn lagireto da ke gabansa kondensar AC ce, ka kwance notin da ya haɗa su kawai, kar ka taɓa bututunta gas ya tsere. Bututun man giya ka toshe bakinsu, bayan an gama ka duba man ka cike abin da ya zube. Kuma akwai wasu robobi guda biyu a ƙafafun tsohon da yake zama a kansu, ni da su na jefar da shi, sai da na koma ina tonon shara.

Babban kuskuren dai a ƙarshe na yi shi, lokacin da nake ganin na gama. Na ɗaure komai, na ɗura ruwa har ya cika wuya, na rufe marfi, na wanke hannu na hau titi ina jin kaina bakanike. Ko minti goma ban yi ba allurar zafi ta fara rawa, ta hau ta sauko ta sake hawa har bakin ja, na kunna hita iska mai sanyi take fitowa. Iska ce ta maƙale a cikin inji. Kana zubar da ruwa iska take cike hanyoyin, kuma tamostat, wato ɗan bawul ɗin da yake buɗe wa ruwa hanya tsakanin inji da lagireto, a rufe yake sai ruwa ya kai tsakanin digiri 80 da 90, to ganin wuyan lagireto ya cika ba yana nufin injin ya cika bane. Allah ya taimake ni na kashe da wuri, da na matsa da gaskit ɗin kan inji ya ƙone, aikin da ya ninka wannan sau nawa.

Yadda na yi daga baya, inji a sanyi na ajiye motar a ɗan tudu gabanta na sama, na haɗa kulan da tataccen ruwa irin na batir rabi da rabi, ba ruwan famfo ba don shi tsatsa da farin ƙanzo yake bari a ciki, na riƙa zubawa a hankali ina matsa babban tiyo da hannu. Na kai hita ƙarshen zafi, na tada inji marfi a buɗe na tsaya ina kallo. Kumfa tana fitowa ɓul ɓul, ruwan ya sauka in ƙara, can tamostat ya buɗe ruwan ya zurma ƙasa lokaci ɗaya, ya shanye fiye da lita guda a motar da na rantse ta cika. Sai da tiyon sama da na ƙasa duk suka ɗau zafi, hita ta fara busa zafi, kumfa ta daina, sannan na rufe na cika ƙaramin tankin gefe zuwa layinsa. Wasu motocin suna da ɗan noti na fitar da iska kusa da tamostat, in taka nada shi ka sassauta har ruwa ya fito babu kumfa.

Tsohon tiyo da tsohon marfi ma kar ku mayar irin yadda na yi don rowa, tiyon ƙasa ya riga ya yi laushi, wata ɗaya ya fara ɗiga a bakin kilif na sake zubar da ruwa na sake fitar da iska daga farko. Kwana ukun farko ina shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da dare, da safe in duba kwalin in duba tankin gefe kafin in murɗa makulli, rana ta biyu sai da na ƙara kusan rabin lita.