Tashar jirgin Dutsen Wai

Yau na wuni a Dutsen Wai wajen gaisuwar rasuwa. Bayan la'asar Kawu ya ce in raka shi gona. A hanya ya tsaya kan wani dogon tudun ƙasa da ya ratsa gonakin masara, ya caka masa sanda, ya ce, "Ɗana, nan layin dogo ya bi. Tashar tana can gaba kaɗan."

Yana yaro ya ga jirgin da idonsa. Ya ce ɗan ƙarami ne, mai cin gawayi, in ya zo hawa sai ya yi ta nishi, yara na bin sa a guje. Mata na kawo ƙosai da dafaffiyar gyaɗa tasha, suna miƙa wa fasinja ta taga. Yana faɗa yana nuna wurin da hannu, kamar har yanzu suna tsaye.

Turawa ne suka shimfiɗa layin daga Zariya, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru, ya isa Rahama a 1912, sannan Jos da Bukuru a 1914. Kuza suke so su fitar, wadda a da 'yan dako ke ɗauko ta a ka daga ma'adinan Filato. Siririn layi ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, alhali babban layin Kano zuwa Legas ƙafa 3 ne da inci 6. Don haka duk kayan da ya kawo Zariya sai an sauke an sake lodi a babban jirgi.

A 1927 layin Fatakwal ya shigo Jos ta Kafanchan, kuza ta samu hanya kai tsaye zuwa teku. Daga nan ƙaramin jirgi ya fara ja da baya, motoci kuma suka ƙarasa shi, aka rufe layin a 1957.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, don kuza aka yi layin, amma mutanen ƙauyukan nan sun jingina abincinsu da shi, kuma da aka tashi ɗauke shi ba wanda ya tambaye su. Jikokin Kawu suna noma gefen tudun kullum, ba ɗayansu da ya san jirgi ya taɓa bi ta garinsu. Na roƙe shi in dawo bayan girbi in naɗi labarin a waya, ya ce in zo da wuri, akwai wani tsoho a Kudaru da mahaifinsa ya yi leburancin layin.