Rigar Arsenal da tambayoyin ƙure

Wai me ya sa in yaro ya sa rigar Arsenal sai mun titsiye shi da tambayoyi? Jiya a wani gidan kallo a Tudun Wada, wani babba ya tare ɗan makaranta: "Kai, wa ya tsare mana raga a kakar 2003/04 da ba a doke mu a gasar Firimiya ba?" Yaro ya yi tsuru-tsuru, aka kwashe da dariya, ya sulale ya koma bencin baya.

To Lehmann ne, sai me? Lokacin ko haihuwar yaron ba a yi ba. Shi Saka ya gani ya so ƙungiyar. Mu ma in za a faɗi gaskiya Kanu ne ya ja yawancinmu tun 1999, kuma ba wanda ya tambaye mu tarihin Highbury, tsohon filin wasan Arsenal.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na matsa kusa da shi, na ce ƙanena, wa kake ganin ya kamata a cire? Wallahi yaron ya san ƙwallo! Ya zayyano min yadda ake barin gefen hagu a buɗe, har mai shayin bakin ƙofa ya sa baki. Ranar Asabar shi zai kama mana wuri, ni zan biya kuɗin shiga.