Abin da ƙasusuwan masu-nawa suka koya mini game da rarrabe halittu

A cikin darussan ilimin halitta da nake koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Damagaram, babu wanda ya fi ba ɗalibai wuya kamar darasin rarrabe halittu dangi-dangi, domin ido yana saurin haɗa abubuwan da suka yi kama da juna, alhali zumuntar jini tana bin tata hanya dabam. Misalin da ya fi taimaka mini daga nahiyar Amurka ya fito, wato dabbobin da littattafanmu na Faransanci ke kira paresseux, ni kuwa nake ce musu masu-nawa saboda jinkirin motsinsu. Waɗanda suka rage a yau ƙanana ne, suna rataye a rassan itatuwa a dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, amma ƴan'uwansu da suka ƙare, su a ƙasa suke tafiya, wasunsu kuma sun kai girman giwa.

A shekarar 1787 aka tono ƙwarangwal ɗin wata ƙatuwar dabba a bakin kogin Luján na ƙasar Ajantina ta yanzu, aka aika da shi birnin Madrid. Masanin Faransa Georges Cuvier bai ga ƙasusuwan da idonsa ba a lokacin, zanensu kawai ya samu, amma da ya dubi ƙirar kai da haƙora da farata, sai ya bayyana a 1796 cewa wannan dabba mai tsawon kusan mita 6, wadda ya raɗa wa suna Megatherium, ƴar'uwar ƙananan masu-nawa ce. Shekara guda bayan haka Thomas Jefferson, wanda daga baya ya shugabanci Amurka, ya gabatar da wasu ƙasusuwa da aka samo a wani kogo a Virginia, ya ɗauka na wani babban zaki ne saboda girman faratan, har sai da Caspar Wistar ya nuna a 1799 cewa dabbar nan, wadda Jefferson ya raɗa wa suna Megalonyx, ita ma daga masu-nawa take. Ina son jera wa ɗalibai Jefferson da Cuvier, domin ɗaya ya tsaya a kan alama guda mai ɗaukar ido, ɗayan kuwa ya bi gaɓoɓin jiki ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai bin gaɓoɓi ma yana da iyaka, kuma dabginmu na daji shaida ne. Masanan farko sun haɗa shi a rukuni ɗaya da masu-nawa da armadilo da masu cin tururuwa na Amurka, saboda ƙarancin haƙora da ƙarfin farata. Daga baya aka gano cewa dabgi ya fi kusa da giwa da rema, su kuwa na Amurka rukuninsu dabam ne, Xenarthra, wanda ake ganewa da ƙarin mahaɗai a ƙashin baya. Kama da wane ba wane ba ce, in ji Bahaushe, kuma ɗalibai kan yi tsit idan suka ji cewa dabgi dangin giwa ne.

Tambayar da ba ta taɓa ɓacewa a aji ita ce ko masu-nawa na ƙasa sun yi zamani da dinoso irin waɗanda aka tono a Gadufawa, cikin hamadar Nijar. Ba su yi ba, kuma ba su taɓa taka Afirka ba. Nigersaurus, ɗaya daga cikin dinoson Gadufawa, ya rayu kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, masu-nawa na ƙasa kuwa sun haɗu da ɗan Adam ido da ido. A Amurka ta Kudu suka samo asali, wasunsu suka isa ta Arewa kimanin shekaru miliyan 9 da suka wuce, tun kafin ƙasar Panama ta haɗe nahiyoyin biyu, har Megalonyx ya kai Alaska. A kan nahiyoyin biyu sun ƙare fiye da shekaru 10,000 da suka wuce, amma a tsibiran Kuba da Hisfaniyola sun ƙara dubban shekaru, har bayan isowar mutane can. A ganina wannan tazara hujja ce mai nauyi cewa akwai hannun mutum a ƙarewarsu, tunda sauyin yanayi bai tsallake tsibiran ba.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na bishiyar zumuntarsu. Shekaru masu yawa masana ƙasusuwa suna kasa su gida-gida, irin su Megatheriidae da Megalonychidae da Mylodontidae da Nothrotheriidae, suna sanya mai yatsu biyu na yau, Choloepus, a gidan Megalonyx, mai yatsu uku kuwa, Bradypus, suna ware shi a matsayin reshen da ya fara rabuwa da kowa. Amma wasu kogunan sun adana fiye da ƙashi: a kudancin Chile an samu fatar Mylodon da gashinta a 1895, dabbar da Richard Owen ya bayyana daga ƙasusuwan da Charles Darwin ya kwaso a gaɓar Ajantina. A 2019 bincike biyu suka fito, ɗaya ya karanta DNA, wato bayanan gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, daga irin waɗannan ragowa, ɗayan ya karanta furotin ɗin kolajin da ke cikin ƙashi, wanda ya fi DNA jure zafi da daɗewa, kuma duka biyun suka kai ga amsa ɗaya. Choloepus dangin Mylodon ne, Bradypus yana ɓangaren Megatherium da Megalonyx, na tsibirai kuma reshe ne mai zaman kansa da ya rabu tun farko.

Ba na ɗora wa masana ƙasusuwa laifin sakaci, domin tun da daɗewa su ne suka lura cewa masu-nawa biyu na yau ba gida ɗaya suka fito ba, kuma ba don aikinsu ba da babu wanda zai san ƙashin da za a ɗebi furotin daga gare shi. Abin da sabuwar shaida ta gyara shi ne mazaunin kowane reshe. Saboda haka nake zana wa ɗalibai bishiyoyin biyu a allo, ta dā da ta 2019, in sa su nemo da kansu inda Choloepus da Bradypus suka sauya wuri, sannan su faɗi irin shaidar da kowace bishiya ta dogara da ita.